Wa Zai Zana Rido Kafin Ta Sauya Kama?

Yau daga Rido nake magana, nan kusa da matatar mai ta Kaduna, kuma hirar tamu a kan zane ce.

Shekaranjiya na ce wa ƙanena ɗan shekara 12 ya siffanta mini rumbu. Sai ya ce, "Yaya, ba shi ne sito ba?" Na yi dariya, amma wallahi abin ya tsaya mini a rai. Tun da aka buɗe matatar nan a 1980 gari ke ta cika, gonaki suka koma filoti, filoti suka koma gidajen bulo. Ba na kuka da ci gaba fa. Tambayata ita ce, me za mu nuna wa jikokinmu?

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Akwai wani tsibiri a Tekun Bahar Rum, sunansa Malta. A da matan can suna yafa wani baƙin mayafi mai tudu a ka, kamar ƙaramar rumfa. Yanzu an daina. Amma wani mai zanensu, Edward Caruana Dingli, wanda ya rasu a 1950, ya zana matan da masu talla da rayuwar titi. Shi ya sa yaron Malta na yau zai iya ganin yadda kakarsa take fita kasuwa.

Mu ma muna da namu. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Hujjarsu: a koyi dabarar Turawa, amma a zana abin gida. Abokin karatunsu Jimo Akolo ya zana mahayan dawaki da makaɗan Arewa. Daga baya Gani Odutokun, malami a jami'ar da ya rasu a 1995, ya zana hawan daba.

To amma kun lura? Doki da algaita ba sa rasa mai zana su. Ita kuma matar Gbagyi da ke ɗauko itace a kafaɗa maimakon a ka, wa zai zana ta? Turmi da taɓarya fa? Murhu mai duwatsu uku fa?

Wani zai ce ai akwai waya. Haka ne. Amma tawa ta taɓa faɗawa ruwa, hotunan shekara uku suka tafi. Sannan mai zane dole ya zauna, ya kalla, ya tambayi tsohuwa sunan kowane abu. A nan ake samun ilmin.

Na san wasu za su kawo batun zana abu mai rai. Wannan ku tambayi malamanku. Amma rumbu da tukunya da galma da zanen bango ba su da rai.

Don haka ga aikin makon nan: ka sami fensir da takarda, ka zana abu ɗaya a gidanku da kake ganin nan da shekara 20 ba za a same shi ba. Ka rubuta sunansa da kwanan wata a ƙasa. Ko bai yi kyau ba, ka adana.