Mujiya a Rufin Majami'a, Ungulu a Mahauta

Jawabin da wani ɗan'uwa ya gabatar a taron zumuntar ikilisiyoyin yankin Kankiya da Kusada

 

Dattawa sun ce in yi bayani a kan aikin da nake yi, domin har yanzu a gida ana ce mini mai gadin gidan zu. Akwai bambanci. Gidan zu, irin na Audu Bako a Kano, yana ajiye dabba domin jama'a su biya su kalla. Inda nake aiki kuwa wurin jinya ne. Ana kawo mana naman daji da ya ji rauni, ko wanda hukuma ta ƙwace daga hannun masu sayarwa, mu yi masa magani, in ya warke mu mai da shi daji.

Yawancin aikin wanki ne da shara. Kafin rana ta fito mun wanke keji, mun canza ruwa, mun yanka nama ƙanana-ƙanana. Kowane tsuntsu sai an ɗora shi a sikeli an rubuta nauyinsa a littafi, gama tsuntsu yakan ɓoye ciwonsa, sikeli ne ke tona shi. Har ɓeraye muke kiwo domin abincin mujiya da shaho. Mahaifiyata da ta ji haka ta ce lallai boko ya kai ni inda ba ta sani ba.

Doka mafi wuya ita ce ba a sabo da dabba. Ba a sa mata suna, ba a yi mata magana, ba a shafa ta. Dabbar da ta daina tsoron mutum, ranar da aka sake ta gidan mutane za ta nufa, a can kuma sanda ke jiran ta. Shi ya sa jan birin nan da ake ɗaure wa igiya a kwankwaso ana yawo da shi a kasuwa ya fi kowa ba mu tausayi. Kafin a kama jaririn biri, sau da yawa sai an kashe uwarsa. Ya girma a tsakar gida bai san abincin daji ba, bai san zama da 'yan'uwansa ba, ga shi yana iya kai shekara 20 a duniya. Da ya fara cizo sai maigida ya kawo mana shi, ya ce mu mai da shi daji. Wane daji?

Ranar saki ita ce ranar daɗi. Mukan ɗauki akwati a ka mu yi tafiyar awa biyu ko uku a ƙasa, cikin ƙaya da ƙarangiya, har inda ba a jin kukan zakara. In mujiya ce, sai magariba ta yi. A buɗe akwati, a ja da baya, a yi shiru. Wata takan tashi nan take. Wata sai ta zauna tana juya kai kamar mai tunanin ko da gaske ne. Ba ta waiwaye, ba ta godiya. Mu dawo da tocila cikin dare, sauro na cin mu.

To, a kan mujiyar nan nake so in daɗe, domin ita ce ta shafe mu a nan. Farar mujiya tana son rufin da ke da duhu da tsawo, wanda ba a yawan damun sa a ranakun mako. Ku duba, ai majami'unmu ke nan. Takan shiga tsakanin kwano da silin ta yi ƙwai. 'Ya'yanta in suna jin yunwa da dare sukan yi wani huci kamar mutum mai fama da numfashi. Wanda ya ji wannan a ɗakin sujada da tsakar dare, ba sai na faɗa muku abin da zai zo zuciyarsa ba. Washegari matasa su hau su kashe 'ya'yan, a ƙone, a yi addu'ar yaƙi. In a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Amma sai a fara tambaya, wa ya aiko ta? Kuma kun san wanda yatsa yakan nuna, wata tsohuwa gwauruwa ce da ba ta da mai tsaya mata. Iyayena dattawa, irin wannan zargi ya sha raba zumunci a ikilisiyoyi, mu kuwa a ƙasar nan ba mu da yawan da za mu yi hasarar ko gida ɗaya. Bahaushe in ya ce an mai da mutum mujiya, mun san abin da yake nufi, wataƙila fiye da kowa.

Gaskiya ne a Littafin Firistoci sura 11 an jera mujiya da ungulu cikin tsuntsayen da aka hana Isra'ilawa ci. Maganar abinci ce. A jerin nan har da hankaka, amma hankaki Ubangiji ya aika su ciyar da Iliya a 1 Sarakuna sura 17. Ku kuma karanta Maimaitawar Shari'a 22:6-7 a gida, inda shari'a ta sauko har kan sheƙar tsuntsu, ta hana a haɗa uwa da 'ya'ya a kwashe.

Mujiya ɗaya tana cin ɓera uku ko huɗu a dare, in tana da 'ya'ya ta kama fiye da haka. Ɓeran da ke ɓarna a rumbu, a cikin danginsa akwai mai ɗauke da zazzaɓin Lassa. Wannan cuta a cikin iyalinmu na masu bi aka fara gane ta, a 1969, lokacin da ta kashe nas-nas biyu na mishan, ɗaya daga garin Lassa a ƙasar Borno, ɗaya a asibitin mishan na Jos. A 1970 ta kashe likitar asibitin, Dokta Jeanette Troup. Ga tsuntsun da ke rage mana wannan ɓera kyauta, muna bin sa da gwafa.

Sai ungulu. Duk wanda ya haura shekara 40 a nan ya tuna yadda suke cika mahauta da kan kuka a bakin kasuwa, har yara na jifar su. Yaushe rabonku da ganin ko guda biyar tare? A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa wannan ungulu tamu ta gida cikin waɗanda ke dab da ƙarewa. Babban dalili a Afirka ta Yamma shi ne tsafi. Ana sa guba a mushe, a yanke kawunansu a kai kasuwa. A Gini Bisau a 2020 an kashe kusan 2,000 ta haka cikin 'yan makonni. Ita kuwa ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. A Indiya, wani maganin ciwo da ake yi wa shanu, diclofenac, ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na ungulayensu kafin a hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Mushe ya taru yana ruɓa, karnuka suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Don haka in wani baƙo ya zo ya ce wa ɗanka ya hau bishiya ya sauko masa da ƙwan ungulu zai ba shi kuɗi, ka san abin da za a yi da shi, ka kuma san ba hanyar mai bi ba ce.

Kakanninmu sun iya barin tsuntsu ya zauna lafiya. Shamuwa takan zo gab da damina ta yi sheƙa a tsakiyar gari, ba mai taɓa ta. Ba wata hukuma da ta koya musu.

Yanzu abin yi in yaro ya shigo da tsuntsu mai rauni. A samo kwali, a huda shi, a shimfiɗa tsumma, a sa shi ciki a rufe, a ajiye a inuwa nesa da yara da kyanwa. Kada a ɗura masa ruwa ko koko a baki, zai shiga huhu ya kashe shi. In ɗan tsuntsu ne da ya faɗo daga sheƙa, a mai da shi, zancen cewa uwa za ta ƙi shi saboda warin hannun mutum ba gaskiya ba ne. In ya fi ƙarfinku, a sanar da malamin dabbobi ko ma'aikatan gandun daji na ƙaramar hukuma. Biri ko jemage in ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya shafa magani a gida.

Ga majami'ar da mujiya ta riga ta yi ƙwai a rufinta, roƙona ga kwamiti shi ne a yi haƙuri wata uku. Ƙwai yana ƙyanƙyashewa cikin wata guda, 'ya'yan su tashi bayan kamar wata biyu. Sa'an nan a share wurin, a toshe ramin da raga. In akwai kafinta a ikilisiya, ya same ni bayan an tashi in nuna masa yadda ake haɗa akwatin katako a kafa a bishiya kusa da rumbuna, domin ta koma can.