Zumunta a Ƙafa Take



An nemi mu ba da labarin tafiyar da muka yi bisa babur zuwa Jamhuriyar Nijar a cikin dogon hutun shekarar 2024. Mu biyu muka yi ta, taubasan juna, ɗaya daga Batsari, ɗaya daga Safana. Abin da ya fitar da mu ziyarar dangi ce: kawunmu da ya yi gudun hijira, da kuma ƙanwar kakarmu da aka kai aure Tasawa tun kafin Nijar ta sami mulkin kai a 1960.

Kafin mu hau hanya, ya kamata mu tuna yadda aka yi danginmu suka zama ƴan wata ƙasa. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajen 1819. Shi ya sa har yau ake ce da yankin Katsinar Maraɗi. An yi yaƙe-yaƙe tsakanin ɓangarorin biyu, ƙasar Ruma kuwa ta sha hare-hare, amma auratayya da fatauci ba su yanke ba. Daga baya Ingila da Faransa suka shata iyaka da yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, ba tare da sun tambayi kowa inda kakarsa take aure ba.

Mun tashi daga Batsari da hantsi, muka zaga ta Katsina, domin iyaye sun hana mu yankewa ta daji. Daga nan sai Jibiya, muka ƙetare iyaka, muka bi ta Ɗan Isa. A lokacin watanni kaɗan ke nan da sake buɗe iyakar, wadda aka rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023. Shingaye na da yawa, a kowane kuma sai an dubi babur kafin a dubi fuskarmu. Ba mu ga laifin kowa ba. Mu kanmu mun san abin da ƙugin babura da dare yake nufi a ƙauyukan da ke gefen dajin Rugu.

Mun sami Kawu a wani ƙauye kudu da Maraɗi. Tun 2019 ya kwashe iyalinsa, bayan an kore masa shanun noma, kamar yadda dubban mutanen Katsina da Zamfara da Sakkwato suka ƙetara a shekarar. Bai kwana ko ɗaya a sansani ba. Wani dattijo, jikan yayan kakansa, shi ya ba shi ɗaki biyu da gona aro. Muka tambaye shi yadda suka san juna. Ya ce, "Ku ƴan boko ke nan. Mahaifina kowace kaka sai ya zo nan bisa jaki da ɗaurin dawa. Abin da ya shuka nake ci."

Kwana 3 muka yi, kana muka kama babbar hanyar gabas ta Cadawa da Agye. Dab da Gazawa tayar baya ta yi faci, muka tura babur cikin rana har wajen mai gyara. A nan muka koyi lissafin sefa: dala ɗaya faran 5 ce, jaka guda kuwa faran 1,000. Muka koyi cewa ɗan acaɓa shi ne ɗan kabu-kabu, makarantar boko kuwa lakwal. Ban da irin waɗannan kalmomi, Hausarsu ita ce ta kakanninmu.

Da muka yi sallama a gidan Tasawa, muka faɗi sunan kakarmu, sai tsohuwa ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Ashe ina da mazaje har biyu, suka bar ni ba cefane!" Aka yi dariya, ita kuwa hawaye take sharewa. Ba ta san yayarta ta rasu ba sai bayan wata 4, saboda rasuwar ta zo a ƙarshen 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Batsari da Safana da maƙwabtansu, kuma babu wanda ya taka ya kai mata labari. Dare biyu tana lissafa mana dangi, muna rubutawa, har muka cika shafi 11 da sunaye da garuruwa, daga Runka har Tibiri. Allah ya yi mata rasuwa a farkon 2025. Da mun ƙara jinkirin shekara guda, da duk wannan ya bi ta kabari.

Daga Tasawa muka ƙarasa Damagaram, wadda ita ce hedkwatar mulkin Faransa a Nijar har 1926, muka gaida wani yayanmu mai sayar da fata. Muka komo ta Matamaye da Kwangwalam da Daura. Mun yi fiye da kilomita 500 cikin kwana 12.

To, jama'a, ga abin da muka komo da shi. Yawancinmu mun mai da zumunci abin waya, alhali mun ga ranar da waya ta mutu. Gobe mu ne ma'aikata, za a tura mu Abuja ko Ikko, idan kuwa ba mu san ƙofar gidan dangi yanzu ba, ƴaƴanmu ba za su san ko sunan garin ba. Kuma wa ya san wanda zai nemi ɗakin aro nan gaba, mu ko su?

Saboda haka muna roƙon abu 3. Kowa ya zauna da tsofaffin gidansu a wannan hutu, ya rubuta sunayen dangin da ke ƙetare da garuruwansu. Wanda ya sami hali ya kai ziyara, amma da izinin iyaye, da rana, bisa babbar hanya, da takardun babur da na shaidar ƙasa cikakku, tun da Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025. Wanda kuma danginsa na can suka zo masa, ya karɓe su kamar yadda aka karɓi Kawu.

Allah ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Ruma da Safana, ya jiƙan magabatanmu.