Jawabi ga Hakimai da Malamansu a Kan Haɗin Gwiwar Jami'a da Kamfani Wajen Binciken Magani

 Abin da aka umurce ni in yi muku bayaninsa yau shi ne yadda jami'o'i da kamfanoni suke haɗa kai su yi aiki da ƙirƙirarriyar basira, watau kwamfutar da ake koya wa aiki ta hanyar nuna mata misalai masu ɗimbin yawa har ta gane ƙa'idarsu. Maganar tana da faɗi, saboda haka misali guda zan ɗauka, daga ƙasar Ingila.

A jikin kowane mai rai akwai waɗansu abubuwa ƙanana da ido ba ya gani, ana ce da su furotin. Su ne ma'aikatan jiki. Kowane ɗaya kamar carbi yake, an jera shi da ƙwayoyi iri 20, sa'an nan ya nannaɗe ya ɗauki wata siffa tasa, siffar nan kuwa ita ce aikinsa. Ciwon sikila, wanda ba wani Hakimi a nan da bai san gidan da ya taɓa ba, asalinsa ƙwaya ɗaya tak ce ta sauya a cikin furotin mai ɗaukar iska a jini. Mai neman magani kuwa in bai san siffar ba, kamar maƙeri ne da aka ce ya ƙera mabuɗi bai ga kwado ba.

Gano siffar aiki ne mai cin rai. A shekara ta 1958 John Kendrew na Jami'ar Kambirij ya fara fito da ta furotin guda. Abokin aikinsa Max Perutz ya yi fiye da shekara 20 a kan na jini. Daga 1971 masana suka buɗe rajista guda, duk wanda ya gano wata siffa sai ya shigar da ita, kowa ya duba kyauta. Haka suka yi ta tarawa, ɗaya bayan ɗaya, har suka kai wajen 170,000.

To, sai wani kamfani na Landan mai suna DeepMind, wanda Google ta saya a 2014, ya ɗauki rajistar nan ya koya wa na'urarsa AlphaFold. A 2020 aka gwada ta a gasar da masanan jami'o'i suke shiryawa duk shekara biyu tun 1994, inda ake ɓoye amsa a ce kowa ya kintata. Kintacenta ya yi kusa da abin da aka auna ƙwarai, har alƙalan gasar suka yi mamaki. Kamfanin ya haɗa kai da wata cibiyar binciken Turai da ke kusa da Kambirij, a 2021 suka fitar da siffofi 350,000 kyauta, a 2022 suka wuce miliyan 200. A 2024 aka ba Demis Hassabis da John Jumper na kamfanin rabin kyautar Nobel ta kimiyyar haɗa sinadarai, ɗaya rabin kuwa David Baker na Jami'ar Washinton a Amurka.

Ina roƙon Malamai su lura da wani abu a nan. Kamfani ya kawo kuɗi da manyan injuna, wannan gaskiya ne, amma da masanan nan sun yi sakaci da rubutunsu cikin shekaru 50, ko kowa ya ɓoye nasa a akwati, da injin bai sami abin koyo ba. Ku da kuke riƙe littattafan gunduma kun san abin da rajista mai gyara take jawowa.

Ga inda abin ya shafe mu. A Jami'ar Okusfod, Farfesa Matthew Higgins da jama'arsa sun yi shekaru suna fama da wani furotin na ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, hotunan da suke samu duk dishi-dishi. Da suka gwama su da kintacen AlphaFold sai siffar ta fito, suka buga a 2022. Nufinsu allurar da za ta hana ƙwayar girma a cikin sauro, don kada ya kai wa wani. Amma kada a faɗa wa talakawa an sami sabuwar allura; sanin siffa matakin farko ne kawai, sauran gwaji na shekaru a jikin mutane. Rigakafin R21 da aka fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa cikin Disamba 2024 dabam yake, ko da yake shi ma Okusfod ce ta yi shi tare da kamfanin Serum na Indiya.

Haɗin nan bai rasa tsamin rai ba, domin jami'a bayyanawa take so, kamfani kuwa riba. Cikin Mayu 2024 aka fito da AlphaFold na uku ba tare da an saki asirin ƙirarsa ba. Masana da yawa suka sa hannu a takardar kuka, suna cewa ba za a gaskata aikin da ba a bari a bincika ba. Cikin Nuwamba kamfanin ya saki, amma da sharaɗin kada a yi ciniki da shi.