Mujallar da kamfanin gem ke ɗaure wa gindi

A 1988 kamfanin Nintendo ya fara buga mujallarsa, Nintendo Power, a Amurka. Ciki akwai taswirar wasanni, da sirrin tsallake matakan da suka gagara. Ta PlayStation kuwa, wadda ta fara fita a Ingila a 1995, da faifai take zuwa a lokacin, ka ɗanɗana sabon wasa kafin ka saya. Tabbas talla ce, don mai kaya ba ya kushe kayansa, amma yara sun amfana.

Mu nan Kaduna, a gidajen gem na Kawo da Tudun Wada, baki ne mujallarmu. Yaro zai kwafo lambobin sirrin wasan GTA a bayan littafin lissafi, takardar ta yi ta yawo hannu-hannu har ta yi laushi, ga janareto na ruri, mai shago na duba agogo.

Intanet ce ta karya kasuwar. Nintendo Power ta rufe a 2012, mujallar Xbox kuma a 2020. Yau yaron Unguwar Rimi in ya maƙale, YouTube yake buɗewa, in da data.