Jawabi Ga Ɗaliban Gaya Masu Niyyar Karatun Likita



Ƙofar wannan karatu ita ce jarrabawar bak ta fannin C ko D. Wanda ya ɗora ƙarfinsa a kan ilmin halittu kaɗai, ya saki lissafi da kimiyyar sinadarai, shekarar farko za ta kayar da shi, domin a nan ake tankaɗe da rairaya. Ku gyara Faransancinku kuma, da shi ake koyarwa, da shi za ku rubuta kundin digiri.

A da, Yamai kaɗai ake nufa, jami'ar da aka sa wa sunan Abdu Mumuni a 1992. Yanzu akwai tsangayar ilmin lafiya a Maraɗi da Damagaram. Mu 'yan bakin iyaka ido yakan tafi maƙwabta: Faraku ta Binin, ko Sakkwato ta hanyar Kamba. To, Sakkwato da Ingilishi ake karatu, sai an ci jarrabawar JAMB. Faraku kuwa, rufe gadar Malanbil a 2023 ya nuna mana cewa siyasa tana iya raba ɗalibi da gidansu dare ɗaya. Kafin ku biya ko dala, ku tabbata hukumomin Nijar sun yarda da takardar makarantar.

Iyaye, da ku nake musamman. Wannan karatu ba ya kasa shekara 7, kuma yajin aiki yakan tsawaita shi, kamar yadda aka sha gani bayan kisan ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabarairu 1990. Kuɗin tallafin gwamnati yakan makara, wani bai ma samu ba. Ɗan kasuwar da ya saba juya jarinsa cikin wata uku, sai ya san wannan jari ne mai daɗewa, kada ya janye yaro zuwa kanti a shekara ta huɗu. Haka ɗiya mace: kada maganar aure ta katse ta, alhali matanmu da yawa sun fi sakin jiki da likita mace.

Ku kuma ɗalibai, kafin ku cika takardu, ku nemi izini ku yini a gidan likita cikin damina. Gaya tana cikin yankunan da suka fi samun ruwan sama a ƙasar nan, zazzaɓin cizon sauro yana cika ɗakin yara, wani lokaci har biyu a gado ɗaya. Wanda warin ɗakin ya kora, akwai fannin haɗa magunguna da na awon jini, kuma rajistarsu daban take.