Shida ga Maris a Nima da Maamobi



Duk shida ga Maris, tun da sassafe za ka ga yaran unguwannin Nima da Maamobi na Accra sun sha gugar kayan makaranta, farar safa har gwiwa, suna sauri kada fareti ya wuce su. Sun san a ranar ce, a 1957, Kwame Nkrumah ya yi shelar 'yancin Ghana a tsohon filin Polo na Accra.

Ranar ba ta tsaya nan ba. A cikinta aka haifi Obafemi Awolowo na Najeriya a 1909, kuma a cikinta aka kafa Real Madrid a 1902, ƙungiyar da samarinmu ke raba dare a gidan kallo saboda ita.

Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne na 1964. A ranar ce zakaran damben duniya Cassius Clay ya karɓi sunan Muhammad Ali, kwana goma bayan ya doke Sonny Liston. Jaridun Amurka da yawa suka ƙi kiransa da sunan, shi kuwa ya kafe. A watan Mayu ya sauka Accra, ya yafa kente, ya gana da Nkrumah.

A waɗannan unguwanni na Zongo akwai dattawan da suka ga wannan zamani da idonsu, suna nan zaune bakin masallaci bayan la'asar. Samari, ku ɗauki wayoyinku ku je ku durƙusa ku tambaye su, ku naɗi muryarsu tun suna raye.