Gani Ya Kori Ji: Jawabi Kan Gidajen Nuna Jikin Ɗan Adam

Kowa yana ɗauke da zuciya tun ran da aka haife shi, amma kaɗan ne suka san yadda take aiki. Don haka ne masana a wasu ƙasashe suka kafa gidajen nuni inda ba a hana baƙo taɓa kaya, sai ma a ce ya taɓa, ya danna, ya shiga ciki.

Cikin 1930 aka nuna Mutumin Gilashi a birnin Dresden na Jamus. Fatarsa garai-garai take, ana hango ƙasusuwa da jijiyoyi, fitila kuwa tana haska kayan cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Amma wannan kallo ne kawai.

Cikin 1954 Cibiyar Franklin ta birnin Filadelfiya a Amurka ta ƙara gaba, ta gina zuciya mai girman ɗaki, wadda sai ƙato mai tsawon ƙafa 220 zai iya ɗauka a ƙirjinsa. Baƙo yakan shiga ya bi hanyar da jini ke bi, watau daga ɗakuna biyu na dama zuwa huhu, inda jini ke ɗibar iska, sa'an nan ya komo ɗakuna biyu na hagu, yana tafe yana jin bugunta. Da nufin 'yan watanni aka yi ta, amma ɗokin jama'a ya sa aka bar ta.

Wanda ya ratsa waɗannan lunguna ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane cewa in hanyar jini ta ƙuntata, lalle zuciya ta wahala. Haka hawan jini yake yi, sau da yawa kuwa ba ya nuna alama sai ya yi ɓarna.

Wanda bai sami zuwa can ba, ai jikinsa ma gidan nuni ne. Malami ya sa almajiransa su ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, su ƙirga bugun na minti ɗaya, su yi gudu kaɗan, su sake ƙirgawa. Ga baligi mai hutawa, yakan kama daga 60 zuwa 100.

Magidanta kuwa su rage gishiri, su guji taba, su riƙa zuwa asibiti ana auna jininsu ko da ba su jin ciwon kome. Allah Ya ba mu lafiya, amin.